Ƙyallen Awon Mercy

A gidan Baba Andrawus da ke Barkin Sale ba a taɓa saya wa yaro abin da ya yi masa daidai ba. Takalmi sai an cusa masa takarda a ciki, riga sai an naɗe hannunta ninki uku, wando kuwa a ja shi har ƙirji a ɗaure da igiya. In ka yi magana a ce maka ai yaro tashi yake yi, zai girma ya tarar da shi. Yakan girma ɗin kuwa, ya tarar abin ya riga ya yage.

Kyauta, matar Josiah ɗan gidan na biyu, tela ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana cin abinci da tef ɗin awo, don haka babu abin da ta raina a duniya kamar wannan ɗabi'a ta surukanta. Ta raina ɗabi'ar, ta raina masu ita, tun daga tsohon har kan mijin nata da ya kai shekara arba'in yana sa takalmin da ke yi masa fatar-fatar a hanya. Sai dai rainin nata a ciki yake zaune. A fili, kaf unguwar babu surukar da ta kai ta ladabi. Ita ce mai durƙusawa har ƙasa, ita ce mai “to, Baba” da “haka ne, Mama”, har a coci ana ba sababbin amare misali da ita. In ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa, sai ta ja tsakin da ta tara tun safe.

'Yarta ɗaya, Mercy, shekararta uku da 'yan watanni. Wata rana yarinyar ta faɗo daga kan dakalin tsakar gida ta karye a ƙafar hagu, aka sa mata simintin asibiti na mako shida. Da aka cire aka yi hoto, likita ya ce ƙashi ya haɗe tsaf, kamar bai taɓa karyewa ba. Amma Mercy ba ta ji wannan bayani ba. Ta ƙi taka ƙafar. In an tsayar da ita sai ta naɗe ta sama ta fashe da kuka, in an sake ta ta zauna ta ci gaba da jan gindi daga ɗaki zuwa ɗaki. Wata biyu ana haka. Kullum in Kyauta na yi mata wanka sai ta zagaya ƙwaurin da yatsunta, kuma hannun tela ba ya yi mata ƙarya: na hagun yana ƙara sirancewa. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron kada 'yarta ta tashi a haka.

A sashen gashin ƙashi, inda take kai ta duk Talata, akwai wata 'yar sikuta a gefen ɗaki, irin keken nan da yaro ke tsayawa a kai da ƙafa ɗaya yana tura ƙasa da ɗayar. Taya uku gare ta, biyu a gaba, ɗaya a baya, kuma tayoyin suna walƙiya in sun juya. Rannan ma'aikaciyar wurin ta ɗora Mercy a kai ba tare da ta ce mata komai ba. Yarinya ta kama maƙamar, ta sunkuya tana neman inda hasken ke fitowa, ta manta da kanta, ta sauke ƙafar hagun nan ta tura. Ta sake turawa. Sau huɗu Kyauta ta ƙirga kafin hawaye ya hana ta gani.

“Ki nemo mata irinta a gida,” in ji ma'aikaciyar. “Amma ki ji ni da kyau. Taya uku. Wurin tsayawar ya kasance kusa da ƙasa. Maƙamar ta tsaya mata a cibiya, kada ta wuce. Kuma kome za a yi, kada ta faɗi da ita. In ta sake faɗuwa yanzu, kin koma farko, ko ma bayan farko.”

Murna ce ta sa Kyauta ta ba da labarin a tsakar gida, da ƙarfi, Baba Andrawus na zaune a gindin mangwaro. Tsohon manomin doya ne da gwiwa ta ajiye shi a gari, kuma abin da ya rage masa na alfahari shi ne wai ba a taɓa cutarsa a kasuwa ba. Mercy kuwa amaryarsa ce, irin wasan kaka da jika, kullum yana tsokanarta wai ta ƙi yi masa tuwo.

“Keken amarya?” ya ce. “Ai wannan aikin miji ne. Ni zan saya.”

Kyauta ta san irin sayayyar gidan nan. Ta durƙusa. “Mun gode, Baba. Ko za a tafi da ita a gwada?”

“A tafi da yaro kasuwa? Da ya ƙyalla ido ya riƙe abu, mai kaya ya samu wuƙar yanka ka. A'a. A ba ni awo.”

Ta rubuta a takarda: inci ashirin da ɗaya, taya uku. Aka kai masa, ya mayar. Ya ce shi ubansa bai saya masa takalmi da takarda ba, tsinken tsintsiya aka karya daidai tsawon ƙafarsa aka tafi da shi, kuma ga shi nan da ƙafafunsa lafiya. Kyauta ta shiga ɗaki ta ja tsaki mai tsawo. Tsinke! A wannan zamani! Amma ta tsayar da Mercy jikin gado, ta auna daga ƙasa zuwa cibiya, ta yanko siririn ƙyalle rawaya daga ragowar ɗinki daidai wannan tsawo, ko zare bai ƙaru ba. Da yake ba tsari ba ne suruka ta tsaya gaban uban miji tana ba shi umarni, sai ta ba Josiah, ta nanata masa taya uku har sau uku. Shi kuma ya ce zai ba Mama Christiana, mahaifiyarsa, ita ta san lokacin da ake yi wa tsohon magana.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, gida cike da 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, Baba ya sa aka fito da abin daga ɗakinsa, a naɗe cikin buhu kamar ragon da za a ba da mamaki da shi. Ya kwance igiyar da kansa.

Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Kyauta ba ta buƙaci tef ba. Maƙamar nan ta haura inci talatin da uku. Taya biyu ne, sirara, ɗaya gaba ɗaya baya. Ƙarfe ne zalla, ja wur, wurin tsayawar kuma ya yi sama da ƙasa kusan tafin hannu. Keken ɗan shekara tara ne, ko goma. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Aka ɗauki tafi. Mama Christiana ta yi guɗa. Wani maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa ya ce wannan har jikokin Mercy sai sun hau. Kyauta ta dube su ɗaya bayan ɗaya, manya da furfura, wasu da takardun digiri a akwati, a ce a cikinsu babu mai idon da zai dubi keke ya dubi yarinya. Ji ta yi kamar ta tofa yawu. Maimakon haka ta sa gwiwa biyu a ƙasa.

“Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri.”

Da ta miƙe ta matsa kusa da mijinta. “Baban Mercy, ya yi girma,” ta ce a hankali. “Kada a ɗora ta.”

“Ki bari mutane su watse,” ya ce, bai ko dube ta ba. “So kike ki kunyata shi?”

Baba ya riga ya ɗauko amaryarsa. Abin da ya fi ci wa Kyauta rai daga baya shi ne yarinyar da murnarta ta je. Ta ga keke, ta tuna na asibiti, ta miƙa hannu tana dariya. Ya tsayar da ita a kan ƙarfen, ta ɗaga hannuwa sama da kanta kafin ta kamo maƙamar, ta yi ɗage. Ta leƙa tayar gaba tana jiran haske. Sannan ta sauke ƙafar hagun, da kanta, tana laluben ƙasa.

“Kun gani?” in ji Baba. “Kun ga amarya?”

Ya saki keken don ya tafa mata.

Tayar gaba ta karkace. Keke ya tafi gefe da ita, ta faɗi a kan siminti, ƙarfen ya biyo ta ya danne ƙafar. Ƙarar da ta yi har masu napep da ke bakin titi sai da suka leƙo.

Ba ta karye ba. An kai ta a ranar an duba, ƙujewa ce kawai a gwiwa da ƙulu a goshi. Kowa ya ce an gode Allah, kuma kowa ya samu abin faɗa. Mama Christiana ta ce yaran yanzu ba su da ƙashi saboda indomi. Josiah ya ce da ma ba a yi saurin sakin ta ba. Maƙwabcin nan ya ce faɗuwa ai ita ce koyo, shi sau bakwai ya faɗi kafin ya iya keke, kamar wani ya tambaye shi. Babu wanda ya ce keken ya yi girma. Mercy kuwa, wadda a da takan yarda ta tsaya da ƙafa ɗaya in ta dafa bango, yanzu ko an kama hammatarta sai ta naɗe ƙafafu biyun duka ta ƙanƙame wuyan uwarta.

Ran Laraba Kyauta ta rufe shago ta nufi babbar kasuwa. Sunan shagon yana jikin ledar da aka naɗe maƙamar da ita, don haka ba ta sha wuyar nema ba. Mai shagon wata mata ce mai jiki wadda Hausarta ba ta gama nuna ba, Kafayatu, zaune a tsakiyar kekunan yara tana cin gyaɗa.

“Jan sikuta? Baba mai hula?” Kafayatu ta tafa hannu. “Ah! Na tuna shi. Yaro ɗin ya ji daɗi?”

“Shekararta uku.”

Kafayatu ta daina tauna. “Uku? Madam, abeg, kar ka yi mini wasa. Awo da ya kawo ba na yaro shekara uku ba ne. Tsaya, yana nan. Na ajiye don na nuna ma maigida na, mun yi dariya.”

Ta miƙa hannu ta zaro wani abu daga kan ƙusa. Kyauta ta karɓa.

Ƙyallenta ne rawaya, yadda ta yanke shi. Amma a bakinsa an ɗaura guntun igiyar takalmi baƙa, mai tsawon yatsu huɗu, kuma ta san takalmin, na mijinta ne, ita ke goge shi duk Asabar. A bakin igiyar takalmin an ƙulla gefen wani tsohon ɗankwali mai ɗigon kore, wanda Mama Christiana ke ɗaurawa in za ta shiga kicin. A ƙarshe kuma ga zaren buhu, shi ya fi kowanne tsawo, an yi masa ƙullin da manoma ke yi wa bakin buhun hatsi. Kowa ya karɓa ya duba, ya ga tela ta manta yaro tashi yake yi, ya gyara mata aikinta a ɓoye don kada ta ji kunya. Kuma kowa ya ɗauka shi kaɗai ya yi wannan dabara, ko kuwa ya ga ta na gabansa ya ce ba ta isa ba.

“Na ce masa, Baba, wannan igiya mutum nawa ya auna?” in ji Kafayatu. “Na nuna masa mai taya uku. Ya ɗaga da yatsa ɗaya, ya ce roba ne, wata biyu zai fashe. Ya ce wai ina so na ba shi abin da ba ya da nauyi don na ga shi tsoho. Ni kuma me zan yi? Mai kuɗi ya zaɓa.”

Kyauta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Mutum uku, kai uku, a rasa mai hankalin da zai bar ƙyalle yadda ya gan shi. Ta kwance tef daga wuyanta, ta bi sikutocin masu taya uku ɗaya bayan ɗaya. Ta auna maƙama, ta shafa wurin tsayawa da tafin hannu ta ga ko yana santsi, ta karkata kowacce ta ga wadda ba ta saurin kifewa. Ta zaɓi wata shuɗiya mai tayoyi masu walƙiya, kusan irin ta asibiti sak. Ta cusa igiyar nan mai ƙulli uku a jaka ta hau napep.

A ɗaki ta buɗe, ƙofa a rufe, daga ita sai 'yarta. Ta murza tayar da hannu, hasken ya zagaya. Mercy ta duba. Sai ta ja da baya da gindi, da sauri, har ta ƙume da bango, ta sa hannu biyu ta rufe gwiwarta ta hagu, ta buɗe baki. Kukan bai fito nan da nan ba, sai da ta shiɗe tukuna.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Kyauta ta gwada da alewa. Ta gwada ɗora 'yar tsana a kai. Ta ajiye sikutar a bakin ƙofa kwana biyar ko za ta saba da ganinta, yarinya ta daina bi ta ƙofar. Ran Talata a asibiti, da Mercy ta hango ta gefen ɗakin nan, irin ihun da ta yi sai da aka fitar da ita waje. Ma'aikaciyar ba ta yi faɗa ba. Ta dubi ƙulun goshin, ta dubi Kyauta, ta ce sai a sake wata hanyar, kuma ba ta san wata nawa za a ɗauka ba.

Da yammar ranar Kyauta ta dawo da Mercy a goye ta tarar da Baba a gindin mangwaro, ya kwantar da jan keken a cinyarsa yana ɗiga wa tayoyin man keken ɗinki. Man ma nata ne, an ɗauko daga ɗakinta. Ta sauke yarinyar a tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi.

“Sannu, Maman Mercy. Ya amarya? Ina sa masa mai ne kada ya yi tsatsa. A rataye shi a ɗaki. Kada ki damu, za ta girma ta tarar da shi.”

Shekara bakwai tana haɗiye irin wannan magana, yau ta ƙi wucewa. Ta zaro igiyar daga jaka ta ajiye a gabansa, ba ta miƙe daga durƙuson ba, amma muryar da ta fito ba wadda gidan ya sani ba ce.

“Baba, ga awon da na bayar, nan ya tsaya. Wannan na ɗanka ne. Wannan na Mama. Wannan naka. Na ce taya uku, aka kawo biyu. Ba keken ado na ce a saya ba, magani ne, asibiti suka ce. Yarinyar nan sau huɗu ta taka ƙafarta a gabana, yau ko tsayuwa ba ta yi. A gidan nan ba a iya duban yaro a gan shi yadda yake yau ba, sai yadda zai zama shekara biyar masu zuwa. To ga ta nan. Da wace ƙafar za ta girma ta tarar da shi?”

Mama Christiana ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Kyauta ta jira tsawa. Ta ma ƙagu a yi mata, don ta tanadi sauran magana.

Tsohon bai yi tsawa ba. Ya ajiye kwalbar man, ya ɗauki igiyar, ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa har ya zo kan nasa. Ya daɗe a nan. Ya juya ya dubi Mercy, ya miƙa mata hannu kamar yadda ya saba. Yarinyar ta dubi abin da ke cinyarsa ta ɓoye fuska a zanin uwarta. Hannun nasa ya sauka a hankali. A lokacin Kyauta ta ga idonsa ya kawo ruwa.

“Na yi wauta,” ya ce. “Ban san magani ba ne. Christiana ce mini ta yi keke.” Sannan ya ɗago. “Amma Maman Mercy, in tambaye ki. Ranar da na kwance buhun nan, kin ga ya yi mata girma?”

“Na gani.”

“Tun kafin in ɗora ta?”

“Tun kafin.”

“Kin san in ta faɗi haka za ta zama?”

Kyauta ta mayar da idonta kan igiyar da ke hannunsa.

“Ni doya na sani,” in ji tsohon. “Duk wanda ke tsakar gidan nan ranar, babu wanda ya san awo sai ke. Taku uku ne tsakanina da ke. Da kin ce, Baba, tsaya, da na tsaya. Ko da na ji haushi, ai da na huce.” Ya ajiye igiyar. “Kika ce mini kin gode.”

Ta buɗe baki. Duk maganar da ta tanada, wadda ta yi shekaru tana wasawa a bayan ƙofa, babu ko ɗaya da ta dace da nan. Ta san tsawon maƙamar, ta san yawan tayoyin, ta san abin da ma'aikaciyar ta ce, kalma da kalma. Ta tsaya ta kalla, don a ci gaba da cewa Kyauta mai ladabi ce. Duk wawayen da ta raina, da zuciya ɗaya suka yi nasu.

Mercy ta gaji da ɓuya. Ta saki zanin, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta fara jan gindi zuwa ɗaki, ƙafar hagun a miƙe a gabanta tana share ƙasa. Ta yi nisa da keken sosai kafin ta juya ta ga ko uwarta na biye.

Kyauta na nan a durƙushe, ta kasa tashi.